Me ya sa muka fi yarda da “an ce” a kan sanarwar gwamnati? Mazauna Legas, ku faɗi abin da kuka gani

Malam Na-Zango, Agege:

Assalamu alaikum ’yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk sanarwar da ta fito daga hukuma, ta rigakafi ce ko ta rajistar katin ɗan ƙasa, kafin la’asar an samo mata wata fassara a teburin mai shayi: akwai lauje cikin naɗi, so ake a rage mu, so ake a kore mu daga Ikko. Masu faɗin nan kuwa ba sakarkaru ba ne. Mutumin da zai lissafa maka kuɗin shanun tirela guda da ka, ba biro ba takarda, shi ne zai rantse maka babu wata cuta wai ita korona. Don Allah kowa ya ba mu abin da ya gani da idonsa, ban da abin da aka turo masa a WhatsApp.

Maman Hanifa, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Malam. Ni daren gishiri ne ba zan manta ba, farkon watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Tun kafin kiran sallar farko wayoyi suka fara ƙara a gidan hayarmu, ɗaki bayan ɗaki. Innata ce ta kira ni daga Funtuwa, muryarta na rawa, tana cewa in tashi yara in yi musu wanka da ruwan ɗumi da gishiri kafin rana ta fito. Na leƙa tsakar gida, ga Bayarabiya ga matar Ibo ga mu, kowa da bokiti ana layin banɗaki. Wata dattijuwa mai hawan jini ba ta tsaya a wanka ba, ta dama ta sha kofi biyu, da hantsi aka kwashe ta zuwa asibiti. Allah ya sa da sauran kwana.

Babu wadda ta tambayi wane likita ne ya faɗa. Uwarka ce ta kira ka tana kuka, wa za ka tambaya? Kafin hukuma ta fito ta ce ƙarya ne, gari ya waye, an riga an sha. Abin da ke ba ni takaici, a daidai lokacin ana aikin gaske a garin nan. Dakta Stella Adadevoh ta hana mutumin Laberiyan nan da ya shigo da cutar fita daga asibiti a Obalende, ta kamu, ta rasu. Ma’aikata suna bin waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar har kwana 21 suna auna zafin jikinsu. Mutum 20 suka kamu a duk ƙasar, 8 suka rasu. Amma mu a lungunmu ba wanda ya zo ya bayyana mana wannan da Hausa.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:

Malam, ruwa ba ya tsami banza. Ina Kano a 1996 da annobar sanƙarau ta ɓarke, kullum muna hanyar maƙabarta. A cikin wannan halin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan, yara 200 aka sa a gwajin. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka shanye. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya sanar da su gwaji ake yi. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara 13 ke nan mutane suna jira.

To da 2003 ta zo aka ce akwai maganin hana haihuwa a ɗigon shan-inna, me kake zato? Tambayar da na riƙa ji a bakin magidanta ita ce: ɗana na zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, matata na naƙuda an ce in kawo safar hannu da auduga, to don me wannan ɗigon kaɗai ake bi na da shi har ƙofar gida kyauta? Ba a ba su amsar da ta gamsar da su ba. Kano ta dakatar da rigakafin, ba a dawo ba sai a 2004 da aka kawo maganin daga Indunusiya. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma mu muka biya kuɗinsa: yaran da suka gurgunce a tsakani suna nan sun girma, sannan ga mata tara masu ɗigon da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. Allah ya ji ƙansu. Amma duk wanda zai yi wa mutanenmu faɗa, ya fara daga 1996.

Anti Nas, Mushin:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ni na yi aikin ɗigon gida-gida a unguwannin Hausawa a nan Legas, kuma na ga ƙofar da aka rufe ta buɗu. In muka je mu kaɗai da akwatin ƙanƙara da takarda, sai a ce yara ba sa nan, alhali kana jin wasansu a ciki. Ranar da wakilin Sarkin Hausawa ya biyo mu, liman kuma ya fito da jikansa aka ɗiga masa a gaban jama’a, sai da muka koma ɗebo wani maganin. A Agustan 2020 aka tabbatar an raba Afirka da ƙwayar shan-inna ta asali. Da ƙin yardar nan a jininmu yake, ai da ba a kai nan ba.

Ɗan Haɗeja, Ijora:

Ni acaɓa na yi. A Yunin 2022 aka hana babur a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka ce saboda haɗari da fashi. Haɗari kam akwai, na ga karaya iri-iri. Amma babur ɗina saura biyan wata uku wasu jami’ai suka ɗaga shi suka jefa a mota, ba rasit, ba wanda ya ce ga inda zan bi sawu. Daga baya na ga bidiyon ana murƙushe babura. Ga kuma abin da ya faru a 2019, da aka tare mutanen Jigawa 123 a babbar mota da baburansu, aka yi ta nuna hotunansu, ƙarshe ba a same su da komai ba aka sake su. Wanda ya ga waɗannan, in ka ce masa shiri ne na korar ’yan Arewa, ba sai ka kawo masa hujja ba. Ni dai ban taɓa ganin gwamnati a ƙofata ba sai ta zo karɓa.

Hajiya Mai Tuwo, Alaba Rago:

Da aka kulle Legas a ƙarshen Maris ɗin 2020, tukunyata ta yi makonni a kife. Kullum rediyo na cewa an raba tallafi, mu ko gwangwanin shinkafa ba mu gani ba. Mutane na cewa korona cutar masu hawa jirgi ce, an ƙirƙiro ta ne a ci kuɗi. Rasuwar Abba Kyari, shugaban ma’aikatan fadar shugaban ƙasa, da cutar a watan Afrilu ta sa wasu sun yi shiru. Sai ga Oktoba, aka fasa rumbun Mazamaza. Da idona na ga mutane a titi ɗauke da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya a ka, ga tambarin tallafin korona a jiki. Hukuma ta ce ba ɓoyewa aka yi ba, ana shirin rabawa ne. Wataƙila haka ne, amma wanda ya kwana da yunwa wata shida da suka wuce ba zai saurara ba. Da allurar ta iso a 2021, a layinmu ’yan ƙalilan ne suka je, su ma yawanci don tafiya Umara ko Hajji.

Baba Mai Gadi, Oshodi:

’Ya’yana, ni shirun hukuma na fi tsoro. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai ya kama da wuta a barikin Ikeja. Ƙasa na girgiza, gilasai na zubowa, sama ta yi ja. Wannan ya ce juyin mulki ne, wancan ya ce an kawo yaƙi. Kowa ya bi inda ya ga ana gudu. Ni Allah ya sa na fake a wani masallaci. Waɗanda suka nufi Oke-Afa cikin duhu suka afka magudanar ruwan da ciyawa ta rufe, suna zaton ƙasa ce. Sama da mutum 1,000 suka tafi, da yawansu mata da yara, kuma ruwa ne ya ci mafi yawansu, ba wuta ba. Washegari na je wajen, ana jera su a bakin gaɓa, uwa da goyonta a baya. Da an sami mai lasifika ɗaya tun da farko ya ce ku tsaya, ga abin da ke faruwa, da ba haka ba.

Haka da Umaru ’Yar’aduwa ya tafi Saudiyya a Nuwamban 2009, wata uku ba a nuna shi ba, aka dawo da shi cikin dare. Don haka da Buhari ya daɗe yana jinya a Landan a 2017, maƙwabtana Ibo suka dage wai wani Jibrin ne daga Sudan aka kawo a madadinsa, ban yi mamaki ba. Har sai da Buhari da kansa ya fito a 2018 ya ce shi ne. Kowace ƙabila a garin nan tana da nata labarin, kuma kowa gani yake shi ake nufi da sharri.

Ummi Ɗaliba, Yaba:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, jikina ya yi sanyi. Abu ɗaya zan ƙara: akwai masu cin abinci da tsoronmu. Kakata ba ta karatun boko, saƙon murya take ji, kuma in mai magana ya buɗe da salati da aya, ta gama yarda. Na zauna na saurari wanda aka turo mata kwanan baya, minti takwas ana cewa maganin hawan jini na asibiti yana kashe ƙoda, wai Turawa ne suka shirya. A ƙarshensa sai ga lambar waya, a kira a sayi garin magani. Ta riga ta ajiye ƙwayoyinta har ƙafafunta sun fara kumbura. Ni na yi magana ba ta ji ba, sai da kawuna ya kai ta wajen wata likita ’yar Zariya da ta zauna da ita ta yi mata bayani da Hausa, tana kiranta Inna. Yanzu ta koma shan maganinta, amma saƙon yana nan yana yawo a wayoyin ƙawayenta.