Wasiƙa zuwa bakin daga: me ake rubutawa, me ake bari?

Matar kofur, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. An tura maigidana wajen Monguno a jihar Borno, sabis ɗin can kuwa sai a hankali. Ko ya samu ya kira, daga "kuna lafiya, ya yara?" sai layi ya yanke. Wani abokin aikinsa da ya zo fas, wato ɗan hutu, zai koma ranar Litinin, ya ce in kawo saƙo. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah a ba ni shawara.

Maman 'yan biyu, Jaji: Wa alaikumus salam. Mu dole ce ta koya mana. A watan Mayun 2013 da aka kafa dokar ta-ɓaci aka rufe layukan waya a Borno, muka daina jin muryarsu gaba ɗaya. Duk wanda zai koma, sai mu cika masa jaka da ambulan. Kar ki tsaya doguwar gaisuwa, 'yar uwa. Ki ba shi ƙananan labaran gida: akuya ta haihu, haƙorin wane ya faɗi, wance ta shiga izu biyar. Ki miƙa wa yara biro su yi nasu, ko jagwalgwalo ne. Autana ba ta iya rubutu ba lokacin, sai na ɗora tafin hannunta a takarda na zagaye shi da biro. Babanta ya ce ita ya fi buɗewa.

Tsohon saje, Zariya: 'Yata, na yi Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Wasiƙa takan yi makonni a hanya, wani lokaci ta baya ta riga ta gaba isowa, ka ji an yi suna ba ka san an haihu ba. Saboda haka ki sa kwanan wata da lamba a kan kowace. Ki naɗe ta a leda, don gumi da ruwan sama na cinye tawada. Kuma kada ki tambaye shi inda suke ko yaushe za su tashi, ba zai faɗa ba, bai kamata ma a rubuta ba.

Amaryar soja, Sakkwato: Ni fa ban ga amfanin wahalar ba. Saƙon murya ta WhatsApp ai ya wadatar.

Soja, daga Yobe: Madam, sai da caji da data ake jin murya. Takarda kuwa tana aljihun kaki, ko a rami kake ka zaro ta. Mahaifiyata da ajami take aiko mini, layi huɗu, duk addu'a. Abin da nake roƙo kawai, a rage mana ƙorafin dangi, ba abin da za mu iya yi daga nan sai rashin barci.

Maman 'yan biyu, Jaji: A nan ban bi ka duka ba, oga. Rigimar dangi a bar ta, na yarda. Amma rashin lafiyar yaro ko kuɗin makaranta, a faɗa masa, a haɗa da yadda aka shawo kan abin. In ya ji a bakin wani, ya daina yarda da "muna lafiya" ɗinki.

Matar kofur, Kano: Na gode, Allah ya saka. Zan sa farar takarda da ambulan a ciki don ya samu na amsa. Hoton yara fa, a wanko ko a bari?

Tsohon saje, Zariya: A wanko ƙarami, wanda zai shiga aljihu.