Neman shawara: ɗan hawainiyar da muke kiwo ba mu ganin yana cin abinci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mazauniyar Agege ce, kuma yau kwana 9 ke nan da ƙanena ya zo wa ɗana mai shekara 12 da wani ɗan hawainiya da ya tsinta a jikin ganyen ugu a wata gona da ke wajen Ikorodu. Tsawonsa har da jela bai wuce ɗan yatsana ba. Mun sa shi a cikin bokitin roba mai haske, mun saka masa rassa, muna yanka masa latas, muka kuma zuba masa ruwa a murfin kwalba. Sau biyu kawai muka ga ya harba harshe ya kama ƙuda, latas ɗin kuwa a nan yake bushewa, ruwan ma bai taɓa kusantarsa ba. Yaron ya shaƙu da shi ƙwarai, da asuba kafin ya yi shirin makaranta sai ya leƙa shi, ni kuma tsorona shi ne kada mu tsare halittar Allah ta mutu da yunwa a hannunmu. Me ya kamata mu ba shi, kuma ta yaya za mu tabbatar yana ƙoshi? Ko rashin uwarsa ne ya hana shi ci?

Amsar wani malami mai koyar da kimiyyar halittu a Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki game da uwar, domin hawainiya irin ta yankinmu tana haƙa rami ne ta binne ƙwanta ta yi tafiyarta, kuma ɗan da ya fito yana farauta da kansa tun daga kwanakin farko. Matsalar tana ga abincin. Hawainiya ƙwari masu rai take ci, motsinsu ne yake jan idonta, saboda haka latas ko ƙwaro matacce ba abinci ba ne a wurinta. Ƙa'idar da masu kiwo suke bi ita ce kada ƙwaron ya fi tazarar da ke tsakanin idanunta biyu girma. Ga ɗa kamar naki, abin da ya fi dacewa shi ne ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce. Ki sa ɓawon ayaba a cikin kwalba mai faɗin baki, ki bar ta a buɗe yini ɗaya, sannan ki rufe da ƙyalle ki ɗaure. A zafin Legas, cikin kamar kwana 10 sababbi za su ƙyanƙyashe. Idan ya ƙara girma sai ki shigo da 'ya'yan gyare da ƙananan fara. Ɗan hawainiya kullum ake ba shi, da safe bayan jikinsa ya ɗumama, kuma ba abin mamaki ba ne ya cinye ƙananan ƙwari 10 zuwa 15 a yini, ko fiye idan ƙudajen ayaba ne.

Rashin ganinsa yana ci bai isa hujjar cewa ba ya ci ba. Dabba ce mai tsoro, kuma idan fuska biyu ko uku suka taru a kansa sai ya daskare a kan reshe. Ki gaya wa yaron ya zuba abincin ya ja da baya, ya kalla daga bakin ƙofa.

Amsar wata mai kiwon kaji a Ikorodu:

Yaya, na riƙe hawainiya biyu a baya, kuma ta farkon ƙishirwa ce ta kashe min ita alhali ga ruwa a gabanta, abin da har yau yake min ciwo. Ba ta shan ruwan da ke kwance a mazubi, raɓa da ɗigon da ke kan ganye take lasa. Ki sayi sabuwar kwalbar feshi wadda ba a taɓa zuba komai a cikinta ba, ki riƙa fesa wa ganyayen ruwa, feshi mai laushi, sau biyu ko uku a yini. Kada ki fesa masa a fuska, domin ƙanƙanta ta sa babban ɗigo zai iya toshe masa hanci.

Tambayarki ta yadda za ki gane yana ƙoshi kuwa, amsarta tana ƙasan kejin. Ki shimfiɗa farar takarda, ki riƙa dubawa kowace safiya. Kashin hawainiya launi biyu yake fitowa, wani ɓangare baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, wanda shi ne ragowar ƙwarin da ta ci, ɗaya ɓangaren kuma fari, wanda shi ne madadin fitsarinta. Idan kina ganin baƙin kusan kullum, to yana ci ko da ba a gabanki ba. Idan farin ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ruwa ne ya yi masa ƙaranci. Ki kuma duba idanunsa: na mai lafiya a cike suke, kowanne yana juyawa gefensa, amma idan suka faɗa ciki, ko kika same shi a rufe da su da rana tsaka, to al'amarin ya wuce na gida, sai a nemi likitan dabbobi.

Bokitin nan ma ki canza shi. Laimar Legas da roba ba sa barin iska ta ratsa, kuma hakan yana jawo musu ciwon numfashi. Kafinta zai iya haɗa miki ɗan keji da katako da ragar sauro, mai tsayi sama, a cika shi da siraran rassa da shuka mai rai. 

Amsar wani dattijo a Mile 12:

'Yata, ni shawarata daban ce, kuma ba don in karya wa yaron zuciya ba. Wannan dabba a daji aka ɗauko ta, kuma a can ta san abincinta ba tare da kowa ya ƙirga mata ba. Idan kun ga nan da mako guda ba ta murmure ba, a mayar da ita gonar da aka samo ta, yaron ya ɗora ta a kan reshe da hannunsa. Haƙƙin dabbar da aka tsare yana wuyan wanda ya tsare ta. Abu guda da nake so ki kiyaye kafin nan shi ne maganin sauro. Gidajenmu a nan ba a rabuwa da fiya-fiya da na kunnawa, kuma ƙwaron da ya shaƙi guba idan ta ci shi ita ma ta tafi. Kada a kama mata kyankyaso ko ƙudan kwata, kada kuma a fesa magani a ɗakin da take.

Malamin Idi-Araba ya ƙara da cewa:

Maganar Baba gaskiya ce, kuma idan har za a sake shi, a gonar ya kamata, kada a jefar da shi a bayan gida a Agege. Idan kuwa za a riƙe shi, akwai abin da ya fi yunwa yawan nakasa 'ya'yan hawainiya a hannun masu kiwo, wato laushin ƙashi. Ɗan da yake girma da sauri yana buƙatar sinadarin kalsiyam, ƙwari kuma ba su da shi da yawa, jiki ma ba ya iya amfani da shi sai da bitamin D3, wanda fata take samarwa idan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, ya taɓa ta. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka ajiye keji a bayan gilashi bai wadatar ba. Ki fitar da kejin hantsi, tsakanin ƙarfe 8 da 10, na kamar rabin sa'a, rabinsa a rana rabinsa a inuwa, kuma wani ya tsaya a kansa saboda kyanwa da tsuntsaye, da kuma zafi, domin ɗan ƙaramin jiki nan da nan yake ƙonewa. Garin kalsiyam ana samunsa a shagunan kayan dabbobi. Idan bai samu ba, a dafa ɓawon ƙwai, a busar, a daka shi ya yi laushi kamar hoda, a ɗan barbaɗa wa ƙwarin kafin a zuba. Alamar cutar ita ce ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, riƙon reshe ya raunana, harshe kuma ya daina kaiwa inda aka harba shi. Gyaren da za a ba shi a fara ciyar da su karas da ganyen kabewa yini guda, saboda abin da ke cikinsu shi ne zai shiga jikinsa, kuma wanda ya rage da yamma a fitar da shi, don gyare yana cizon hawainiya idan tana barci.

Hujjar da ba ta ƙarya ita ce sikeli. Ki nemi ƙaramin nan irin na masu sayar da zinari, mai nuna 0.1 na giram, ki auna shi sau ɗaya a mako a rana guda, yaron ya rubuta a littafi. Muddin lambar tana hawa, yana ƙoshi. Idan ya yi fari-fari ya rage ci na kwana ɗaya ko biyu, mai yiwuwa saɓa zai yi, kuma 'ya'ya suna yinta akai-akai.

Mai tambaya ta dawo bayan kwana 6:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An haɗa kejin raga, kwalbar ayaba ma ta tara ƙudaje. Shekaranjiya na tsaya daga bakin ƙofa bayan na fesa ruwa, na ga ya sunkuyar da kai yana lasar ɗigo a gefen ganye, maƙogwaronsa yana motsi a hankali, sannan ya kama ƙudaje 7 a jere kafin ya juya min baya. Kwana uku ke nan muna samun kashi a kan takardar, farin da ya fara fitowa ruwan ɗorawa yanzu ya washe. Baba, mun yi magana da yaron, kuma ya amince cewa idan sikeli bai hau ba cikin mako biyu, kawunsa zai kai mu gonar mu sake shi. Awon farko mun yi shi ranar Asabar, na biyu sai Asabar mai zuwa. Abin da ya rage min in tambaya shi ne 'ya'yan gyare: shin akwai wanda ya san yadda ake kiwonsu a gida, domin na ga ƙudajen ayaba ba za su daɗe suna isarsa ba?