Guzurin jirgin ruwa babu firiji: abin da masuntan Sawakin suka ce

Jiya bayan la'asar muka zauna da dattawan Hausawa masuntan Sawakin, wani garin bakin teku a Sudan, masu shiga Bahar Maliya, aka yi ta muhawara kan guzurin kwana goma a ƙaramin jirgi mai filafilai.

Kowa ya yarda busasshe ne sarki: kilishi ko sharmut (busasshen nama irin na Sudan), kuka, busasshiyar kuɓewa, dabino. Kifin da aka kama kuwa, a tsaga shi, a zuba gishiri, a shanya a igiya tun da hantsi.

A kan ƙwai aka fi daɗewa. Kada a wanke shi, a shafa masa man Vaseline, a riƙa juya shi duk bayan kwana biyu. Wanda ya taso saman ruwa a kofi, a jefar. Tumatir a saye shi ɗanye, a naɗe kowanne a takarda. Albasa da dankali kada su haɗa kwando, su kan ɓata juna; a rataye su a raga inda iska ke kaɗawa.

Wani ya kawo zancen zir, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ni dai ban gamsu ba: danshin teku kan rage masa sanyi, ga igiyar ruwa da fasa tukwane.