Neman kalmar Hausa: me za mu kira "Transition Town"? Shawarata ita ce "yayen gari"

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa masu aikin fassara a gidajen rediyo da jaridu. Akwai wata kalmar Turanci da nake son mu tsayar mata da takwara kafin kowa ya yi mata fassarar da ya ga dama, wato transition, a ma'anar da masu fafutukar Transition Towns, wato garuruwan da ke shirin rage dogaro da man fetur, suke nufi da ita. Wanda ya ɗauki ƙamus zai ce "garin sauyi", amma duk Bahaushen da ya ji haka zai tambaya, sauyi daga me zuwa me? Kalmar da sai an bi ta da dogon bayani kafin a gane inda ta dosa ba ta gama aikinta ba.

Kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a san shi. A shekarar 2005, a garin Kinsale da ke ƙasar Ayilan, wani malami mai suna Rob Hopkins, wanda ke koyar da dabarun noma mai ɗorewa a wata kwaleji, ya sa ɗalibansa su zauna su tsara yadda garin zai rayu idan man fetur ya yi ƙaranci ya kuma yi tsada. Suka bi abinci da gidaje da sufuri da kiwon lafiya da ilimi, suka rubuta abin da za a yi shekara bayan shekara har zuwa 2021, majalisar garin kuma ta amince da tsarin. Daga nan Hopkins ya koma Totnes, wani ƙaramin gari a yankin Devon na kudu maso yammacin Ingila, inda aka ƙaddamar da ƙungiyar farko a watan Satumban 2006. Cikin 'yan shekaru abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har Faransawa suna kiran nasu villes en transition.

Abin da ya tayar musu da hankali ba tatsuniya ba ne. A watan Satumban 2000 manoma da direbobin manyan motoci sun tare ƙofofin matatun mai a Birtaniya saboda tsadar mai, kuma cikin 'yan kwanaki gidajen mai suka ƙafe, wasu manyan kantuna suka fara ƙayyade burodi da madarar da mutum zai saya. A nan mutane suka gane cewa abincin garinsu a bayan mota yake kwana, ba a rumbu ba. Saboda haka a Totnes aka shiga dasa itatuwa masu 'ya'yan ci a filayen gari, aka riƙa haɗa mai fili a bayan gida da ba ya nomawa da wanda ke son noma amma ba shi da fili, aka kuma fito da takardar kuɗin gari a 2007, wadda ake kashewa a shagunan garin kawai domin kuɗi ya riƙa juyawa a hannun 'yan gari. Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin da suka yi na unguwa: gidaje shida zuwa goma na layi ɗaya su riƙa haɗuwa a falon ɗayansu, yau su duba takardar kuɗin wuta, wani zaman su duba ruwa, wani zaman abinci ko shara ko zirga-zirga, kowane gida ya faɗi abin da zai rage, a zama na gaba maƙwabta su tambaye shi ko ya cika alkawari.

To, wannan shi ne abin da muke nema wa suna: mutanen gari da kansu, ba gwamnati ba, su rage dogaro da mai sannu a hankali, da shiri, tun yana samuwa, suna tanadar abin da zai maye gurbinsa.

"Sauyi" da "canji" sun yi faɗi, kuma siyasa ta riga ta cinye su. "Riƙon ƙwarya" ita ce fassarar da muka saba ba wannan kalma idan ana maganar mulki, musamman a Nijar inda transition ta zama sunan zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, amma mai riƙon ƙwarya ajiya yake riƙewa kafin mai ita ya dawo, alhali a nan ba a jiran kowa ya dawo. Wani ɗan uwa ya kawo "shirin ko-ta-kwana", sai dai wannan shiri ne na tsautsayin da zai zo ya wuce, kamar ambaliya ko gobara, bayansa a koma yadda ake a da. "Dogaro da kai" da "taimakon kai da kai" sun fi kusa, domin sun kama ruhin aikin gayya da ke cikin lamarin, amma ba su faɗi abin da ake rabuwa da shi ba, kuma ƙungiyar da ke yashe magudanar ruwa a unguwa ma sunan da take amsawa ke nan. "Tanadi" kalma ce mai kyau, na kuma daɗe ina juya ta, amma mai tanadi yana iya cika jarkoki da fetur ya ɓoye, wanda shi ne kishiyar abin da ake nufi.

Kalmar da nake ganin ta ɗauke ma'anar gaba ɗaya ita ce "yaye". Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ba a wayi gari kawai a cire yaro daga nono ba. Tun da sauran watanni ake saba masa da kunu da koko da ɗan tuwo mai laushi, ana rage masa shan mama, a tsayar da rana, a kai shi wurin kakarsa, idan ya dawo yana nema a shafa wa maman abu mai ɗaci. Zai yi kuka na 'yan kwanaki, zai ɗan rame, amma babu wanda ke kallon yaye a matsayin musiba, domin kowa ya san mataki ne na girma. Akwai kuma bambanci mai girma tsakanin yaron da aka yaye da wanda nono ya ƙafe masa farat ɗaya ba a shirya ba. Abin da ya sami Kyuba bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da man da take samu ya yanke, taraktoci suka tsaya, aka koma garmar shanu da kekuna da noman lambu a cikin birnin Habana bayan an sha yunwa, irin na biyun ne. Abin da mutanen Totnes suka nema shi ne na farkon. Kalma ɗaya ta Hausa ta raba waɗannan biyun ba tare da ƙarin bayani ba, kuma wannan shi ne babban dalilina.

An yi mini gyara biyu, kuma duka biyun suna da nauyi. Na farko, wata malama ta ce yaro ba ya yaye kansa, uwa ce ke yaye shi, alhali a wannan fafutuka gari ne ke yi wa kansa. Gaskiya ne, Malama, amma harshe ya riga ya buɗe mana ƙofa, tunda muna cewa mutum ya yaye wa kansa wata ɗabi'a, kuma idan aka ce "gari mai yaye kansa" babu kunnen da zai ƙi shi. Na biyu, an ce a yau "yaye" ta fi tafiya da bikin yaye ɗalibai, don haka "gayyar yaye", wadda na so a ba ƙungiyar, za a ji ta kamar katin gayyatar walima. Wannan na karɓa, shi ya sa dole kalmar "gari" ta kasance a cikin sunan.

A nan akwai wata ƙa'idar nahawu da nake roƙon mu kiyaye. Wani ya ba da shawarar "yayen fetur", amma idan muka ce "yayen yaro", yaron ne aka yaye, saboda haka "yayen fetur" zai mai da fetur ɗin shi ne jaririn. Daidai shi ne "yayen gari", idan ana son cikawa a ce "yayen gari daga mai". Haka kuma kada a ce "yayayyen gari", domin babu garin da ya gama. Totnes har gobe motoci ne ke kawo mata kaya, takardar kuɗin garin nan ma an daina amfani da ita a 2019 bayan mutane sun koma biya da kati. Sunan aiki ne da ake cikinsa, ba lambar yabo ba.

Wani zai ce ai tsoron ƙarewar mai bai tabbata ba, me ya sa za mu wahala da neman kalma? Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Masanin ƙasa M. King Hubbert ya yi hasashe a 1956 cewa haƙon mai a Amurka zai kai ƙololuwa wajen 1970 sannan ya gangara, haka kuwa aka yi, amma sabuwar dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta sa Amurka ta zarce wancan matsayi a 2018. Sai dai ba sai rijiya ta ƙafe ba mai yake fin ƙarfin talaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai a Najeriya, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kuma mun ga manomin fadama yana ɗaura tukunyar gas a jikin injin ban-ruwansa domin tumatirinsa kada ya ƙone, mai injin markaɗe kuma yana ƙara kuɗin kwano. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki bayan juyin mulki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Al'ummar da ta ga wannan tana buƙatar sunan da za ta kira shirin da ake yi tun kafin ranar ta zo, ko da labarin Ingila ne ya kawo zancen.

Ga yadda nake ganin za ta zauna a bakin mai karanta labarai: "Masu fafutukar yayen gari a Totnes sun dasa itatuwa a filayen garin." Ko kuma: "Majalisar Kinsale ta amince da tsarin yaye garin daga mai." A karon farko mai fassara zai ƙara "daga mai", daga baya ya bar "yayen gari" ita kaɗai, kamar yadda "ɗumamar yanayi" ta zauna da ƙafarta bayan rediyo ya yi ta maimaita ta. Abin da nake roƙo yanzu shi ne malamanmu na Maraɗi da Damagaram da Sakkwato su gwada waɗannan jimloli biyu a kunnen mutanen da ba su yi boko ba, su dawo mana da abin da suka fahimta, domin idan a wani yankin "yaye" tana ɗauke da wata ma'ana da za ta karkatar da zancen, gara mu ji tun kafin kalmar ta shiga rediyo.