Yadda zan mayar da ƙananan zanen fentin ruwa katin barka da Sallah

Mai Zanen Raguna ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma kusan shekara biyu ke nan ina yin ƙananan zane-zane da fentin ruwa idan na taso daga aiki, galibi a kan takardar da ba ta wuce tafin hannu ba. Abubuwan da nake zanawa na raha ne: ragon layya ya tsinke igiya yara suna bin sa a guje, tsohuwa ta ƙulle kuɗin goron Sallah a bakin zanenta jikoki sun yi mata zobe, adaidaita sahu ya ɗauko buhun shinkafa ga akuya ta leƙo kai ta baya. A ƙaramar Sallar da ta wuce na manna guda 12 a kan kati na rarraba wa 'yan uwa, tun daga nan ake ta matsa mini da cewa in riƙa yi ina sayarwa.

Sai dai akwai abubuwan da suka sha mini kai. Da zarar na sa ruwa, takardar takan kumbura ta lanƙwashe kamar ganyen da rana ta buga, fentin ya gangara ya taru a kwari. Baƙin layin da nake fara zanawa shi ma yakan narke ya ɓata launin da ke kusa da shi. Katin da na ba gwaggona kuwa, wanda ta jingina a bakin taga, na je gaishe ta bayan wata uku na tarar jar rigar yarinyar da ke ciki ta koɗe har ta kusa zama fara. Da na ɗauki hoton wani zanen da waya na kai wani shagon kwamfuta aka buga mini, sai ya fito dishi-dishi, farin takardar ya koma launin toka. Ina roƙon waɗanda suka san wannan sana'a su ba ni shawara, musamman a kan ko in riƙa zana kowane kati da hannu ko kuwa in kai maɗaba'a.

Tsohon Ɗalibin Zane ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanci zane a Jami'ar Ahmadu Bello nan Zariya, kuma duk abin da kika lissafa babu wanda bai same ni ba a shekarata ta farko. Matsalarki ta fi yawa a takarda. Takardar da ake buga rubutu da ita a ofis nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ba a yi ta don ta sha ruwa ba. Wadda masu fentin ruwa suka fi amfani da ita mai giram 300 ce, mafi kyawunta kuma ita ce wadda aka yi da zallar auduga, irin su Arches ta Faransa da Fabriano Artistico ta Italiya. Tana da tsada, amma tun da zanenki ƙanana ne, falle ɗaya babba zai ba ki gutsattsari masu yawa idan kika yanka. Kafin ki fara, ki manne gefe huɗu na takardar a jikin falanki da salatif na takarda, kada ki cire sai ta bushe ƙarau. Wadda ta riga ta lanƙwashe kuwa, ki shafa wa bayanta ruwa kaɗan, ki sa ta tsakanin fararen takardu, ki danne da manyan littattafai ta kwana.

Batun baƙin layin ya ba ni dariya, domin ina kyautata zaton da tawadar allo ko ta alƙalamin rubutu kike yi. Abin da ke riƙe launi a cikin fentin ruwa ƙaro ne, wannan ƙaron dai na bishiyar dakwara da ake tsinta a Yobe da Jigawa da Borno, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi zuwa kasuwannin duniya. Shi ne kuma malamanmu suke sa wa a tawada, shi ya sa almajiri yake iya wanke allonsa tas da ruwa. To tawadar da aka yi ta don a wanke, ba za ta tsaya ba idan jiƙaƙƙen burushi ya bi ta kanta. Ki nemi alƙalami mai tawadar da ruwa ba ya narkarwa, kamar Pigma Micron, ko kuma ki fara da fensir, ki yi fentinki, sai ya bushe ki bi da baƙin layi. Ni na fi son hanya ta biyu ga zanen barkwanci, saboda idan layin bai bi gefen launin daidai ba, ragon yakan fi kama da wanda ke gudu da gaske.

Koɗewar katin gwaggo kuma daga fentin ne. Yawancin masu arahar nan da ake sayar wa 'yan makaranta rini ne aka dama, rana kuwa tana cinye rini, kuma launin ruwan hoda mai ƙyalli da wasu jajaye su ne kan gaba wajen gudu. Fenti na kirki yana ɗauke da lambar sinadarin launinsa a jiki, misali PB29 na shuɗi, wanda danginsu ɗaya da bular wanki, ko PBr7 na launin ƙasa, kuma waɗannan biyun ba sa koɗewa da wuri. Ba sai kin sayi akwati mai launi 24 ba; shida masu kyau daga jerin Cotman na kamfanin Winsor & Newton sun ishe ki, sauran ki haɗa da kanki. Ki kuma tuna cewa a wannan fasaha farin takarda shi ne farin fentinki, don haka wurin da kike son babbar rigar liman ta yi haske, ki bar shi kada ki taɓa. Da hunturu fenti yana bushewa kafin ki kai ƙarshen layi, sai ki riƙa dama mai yawa ki yi sauri.

Baba Mai Maɗaba'a ya amsa:

'Yata, Allah ya yi wa hannunki albarka. Na tsufa a aikin ɗab'i, kuma shawarata ita ce kada ki sayar da ainihin zanen, ki adana shi ki riƙa buga kwafinsa, domin wanda ya zana kati ɗari da hannu kafin Sallah, zuwa na talatin ragonsa ya fara kama da kare. Abin da ya ɓata miki aiki a wancan shagon shi ne hoton waya, saboda waya tana ɗaukar inuwar ɗaki tare da zanen. Ki sa a ɗauki zanen da sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci, a goge bayansa a kwamfuta ya zama fari fes, sannan a buga a kan ɗigo 300. Ko da an yi haka, ki san cewa allon waya da haske yake haɗa launi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, wato shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, don haka shuɗi mai kaifi da ruwan hoda sukan ɗan mutu a takarda. Kada ki yarda a buga miki da yawa sai an fitar da guda ɗaya kin fita da shi waje kin gwama da zanenki a hasken rana.

Girman da ya fi sauƙi shi ne takardar A5 a ninke biyu ta koma A6, wato milimita 105 da 148, wadda ke shiga ambulan C6 daidai ba tare da an yi yanka na musamman ba. Ki zaɓi kati mara sheƙi mai giram 250 zuwa 300, domin mai sheƙi yana kashe laushin fentin ruwa, biro kuma ba ya kama shi idan mai saye zai rubuta gaisuwa. Ki ce a danne layin ninki kafin a ninke, in ba haka ba bayan katin zai tsage. Tun da kaɗan za ki fara, ki je wurin masu injin dijital. Babban inji sai an yi faranti, wato fallen da ake ɗora hoton a kai kafin bugu, kuɗinsa ba ya fita sai a aiki mai yawa.

Hajiyar Shagon Kyaututtuka ta amsa:

Ƙanwata, ina girmama maganar Baba, amma a wuri ɗaya na saɓa masa. Katin da aka buga da inji ya sha kaye a hannun WhatsApp, inda kowa ke tura hoton jinjirin wata kyauta. Abin da na ga yana fita a shagona shi ne wanda ake haɗawa da wani abu, kamar turare ko atamfa ko kayan barka na mai jego, kuma mai sayen irin wannan yakan shafa katin da yatsa ya tambaya ko aikin hannu ne. Saboda haka ki yi kashi biyu: bugaggu masu sauƙin kuɗi, da 'yan kaɗan na hannu waɗanda kika sa wa hannu a ƙasa, farashinsu daban.

Ki kuma yi la'akari da masu saye. Akwai gidaje da yawa da ba sa ajiye hoton abu mai rai, kuma ba wurin jayayya ba ne ga mai sayarwa. Ki tanadar musu ƙofofin gari, da zankwayen soraye, da dagin Arewa, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko irin zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Ƙorafi a kan hoton kati ba yau aka fara ba: katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa a Landan a 1843, wanda Henry Cole ya sa John Callcott Horsley ya zana aka buga guda 1,000, ya sha suka daga masu yaƙi da shan giya saboda ya nuna iyali suna sha har da yaro. A ɓangaren raha kuwa kina zaune a kan arziki, domin katin da jika zai tsokani kakarsa, ko taubashi ya tuna wa taubashiyarsa kuɗin shara, ko Bazazzagi ya aika wa Bakano, babu wani kamfanin waje da zai iya rubuta shi.

Mai Zanen Raguna ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam ya canka daidai, da tawadar allon ƙanena nake yin layin. Na gwada danne lanƙwasassun a ƙarƙashin ƙamus, sun miƙe. Zan bi shawarar Hajiya ta kashi biyu, kuma na riga na fara zana wata kaka da ke ɓoye ƙafar rago a bayanta. Tun da ƙaro yana nan a kasuwa, shin zan iya haɗa fentin launin ƙasa da kaina?

Tsohon Ɗalibin Zane ya amsa:

Za ki iya, Malama. Ki daka ƙaro mai haske, ki jiƙa awo ɗaya a cikin awo biyu na ruwan ɗumi har ya narke, ki tace da ƙyalle mai laushi, ki ƙara ɗan zuma don kada fentin ya tsattsage idan ya bushe, da ɗigon man kanumfari saboda fumfuna. Jar ƙasar kuma ki dama ta a ruwa, ki bar yashin ya kwanta, ki tsiyaye na saman a wani kwano ya sake kwantawa, wannan lallausan shi za ki shanya ki niƙa da ruwan ƙaron a kan gilashi. Da damina ki rage zumar, domin tana jan laima, fentin sai ya ƙi bushewa ƙudaje su yi ta binsa. Ki shafa kaɗan a guntun takarda, ki rufe rabinsa da kwali, ki ajiye a tagar gwaggo wata guda kafin ki sa shi a katin sayarwa.