Kwana 26 maigida shiru, sai ga baƙuwar lamba

Uwargida, Garwa: Assalamu alaikum. Maigidana soja ne, wata bakwai ke nan da kai su wajen Fotokol, a arewacin Kamaru kan iyaka da Najeriya. Duk Juma'a yakan turo saƙon murya ta WhatsApp, wani lokaci da wasiƙa ta hannun direban Kusiri, don mahaifiyarsa ba ta yarda da waya ba, sai dai a karanta mata takarda. Dama ita ba ta so ya shiga soja ba, kuma har yau ni take ganin laifi. Yau kwana 26 shiru, saƙonnina alama ɗaya. Shekaranjiya wani ya kira, wai abokin aikinsa ne, an ji wa maigidan rauni, a turo sefa 50,000 na magani. Na tura 20,000. In cika?

Baba tsohon saje, Marwa: 'Yata, ko dala kada ki ƙara. Wanda ya ji rauni a bakin aiki likitocin soja ke ɗaukarsa, ba a bin matarsa da kuɗin magani ta waya. Alama ɗaya kuwa, wayar ce ba ta kan intanet. Kogin El Beid kaɗai ya raba Fotokol da Gamboru, layi kan tsallaka ya kama na Najeriya, ga rashin caji, in za a fita aiki kuma akan hana kira. Rubuta cikakken sunansa, muƙaminsa, lambar aikinsa da bataliyarsa. Ɗauki katinki da takardar aure, ki je sansanin da ya tashi.

Hajiya, Ngaundere: Baba, mace ita kaɗai sai ta wuni kan benci, matan sojoji kullum su ne a ƙarshen layi. Ƙanwata, fara da matan abokan aikinsa. In su ma shiru suke ji, rukunin ne gaba ɗaya ba layin waya.

Mai shagon tura kuɗi: Kada ki goge saƙon shaidar turawa, lambar cinikin na ciki. Ki ce maigidan ya faɗi da muryarsa abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Uwargida: Ai ya san sunan ɗanmu da unguwarmu, shi ya sa na tura. Kuma aurenmu na masallaci ne, ba takarda.

Baba tsohon saje: Sunan yaro a Facebook ma ana samu. Ba takarda kuwa, to wansa ne zai je, da katinsa. Yau ba gobe ba.

Uwargida: Wan nasa ba ma magana. Mutumin ya sake kira, ya ce kafin la'asar.