"Ba a fafe gora ranar tafiya": to in ba a san ranar ba fa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Jiya a bakin shago hira ta koma kan zamanin korona, wani dattijo ya ce duk abin da ya same mu a Kano a 2020 yana cikin karin maganar nan. Ni dai ban ga ta zauna ba. Matafiyi ai shi ke sa ranarsa, annoba kuwa ba ta sallama. Masana ku warware mini.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓa ganin ana fafe gora? Ku 'yan zamani sai jarka. Sai goran ya bushe a yanke masa baki, a yi ta ƙwaƙule 'ya'yan da ke ciki, a zuba tsakuwa a girgiza, sannan a jiƙa shi kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Wanda ya fara wannan da safiyar tafiya zai shiga daji da ruwan da ba ya shawuwa. Abin da magabata ke nufi shi ne akwai aikin da ba ya karɓar gaggawa, ko ka san ranar ko ba ka sani ba.

Nas Ƴar Zariya: Baba, kun faɗi gaskiya, kuma mun gani. A watan Yulin 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da cutar Ebola a jikinsa. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma cutar ce ta yi ajalinta, Allah sarki. Amma bibiyar mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, gida-gida ana auna zafin jikinsu, ba ranar aka koya ba. Tsarin da aka gina don yaƙi da shan inna, wato polio, aka juyo da shi, har da ma'aikatansa. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce an rabu da ita. Goran polio aka sha ruwa da shi.

Ɗan Fagge: To a 2020 ina goran ya shiga? A watan Afrilu ɗakin gwajin korona da ke Kano ya tsaya na kwanaki, a daidai lokacin da masu haƙar kabari ke cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 suka rasu a Kano, kuma rabi ko fiye ana alaƙanta su da korona.

Bagobiri: A nan nake da ja. Wannan magana ana yi wa mai gora ne da ya yi sakaci. Wanda ba shi da goran fa? Ƙasar da likitocinta ba su isa ba, wuta ba ta tsayawa, ka haɗa ta da Jamus? Ko Italiya da kayan aikinta sai da asibitocinta suka cika.

Nas Ƴar Zariya: Yayana, a Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Najeriya ba ta cika ba. Wanda aka ba shi shekara 19 ya shuka duma bai shuka ba, kada ya ce mana rashin gora ne.

Hajiya Mai Ƙosai: Ni ba gwaji ne ya dame ni ba, kulle ne. An rufe mu kamar Turawa, su ana tura musu kuɗi a banki, mu kuwa sai an fita ake ɗora tukunya. Da aka buɗe Litinin da Alhamis, kowa ya yi kasuwa lokaci guda, kafaɗa da kafaɗa, ina tazarar? Ni abin da ya dace da mu shi ne wanda ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Tsohon Hedimasta: Hajiya, taku ta fi dacewa da kullen, ban musa ba. Amma Bagobiri, har yanzu ba ka amsa wa nas zancen duma ba.

Bagobiri: Baba, ku bari in sallame la'asar tukuna.